Ɗibar Wuta

Lailatu na tsaye bisa tukunyar turara shinkafa, hayaƙi na cin idonta, aka zo mata da labarin Inna ta faɗi a Bakura. Wani direba ne mai jigila tsakanin Bakura da Talata Mafara ya tsaya bakin ƙofa ya faɗa, ko injin bai kashe ba. Wai tsohuwar ta fita ɗibar wuta da safe bayan ruwa ya ɗauke, santsi ya kwashe ta a lungu, garwashi ya zube mata bisa zane. Ba ta karye ba, in ji shi, gwiwa ce dai ta kumbura. Ya ja motarsa ya yi gaba, ya bar Lailatu riƙe da muciya.

Ta so ta yi kuka, gajiya ta hana ta. Tun asuba take kan ƙafa, ga shinkafar mutane a wuta, ga wadda ta shanya a tabarma tana gadin ta daga hadari, ga kaji da ba su san haramun ba. Damina ga mai turara shinkafa ba hutu ba ce. Ka shanya, sama ta ɓata rai, ka kwashe, rana ta fito tana yi maka dariya, ka sake shanyawa. Haka ta wuni, jikinta a Mafara, hankalinta a Bakura.

Inna Taibatu ba mutuniyar Bakura ba ce. A Damaga ta ƙasar Maradun ta yi aure, a can ta tsufa, kuma rabin waɗanda ke da gemu a unguwarsu ita ta yanke musu cibiya. Da 'yan bindiga suka matsa wa unguwar, kowa ya kama gabansa, Lailatu ta ɗauko ta da ƙullin kayanta. To amma Lailatu 'yar fari ce. Inna ko sunanta ba ta faɗi, ba ta haɗa ido da ita, balle a ce ta kwana ƙarƙashin rufin surukinta Ishaq. An yi lallashi, an yi magiya, tsohuwa ta ce gara ta koma daji. Daga ƙarshe aka samu wani gidan dangi a gefen Bakura, masu shi sun ƙaura Sakkwato, aka ce ta zauna ta riƙa tsaron gida. Tun ranar abu ɗaya ke cin ran Lailatu, da shi take kwana da shi take tashi: kada uwarta ta ƙare ita kaɗai a garin da ba wanda ya san ta.

Washegari ta bar wa maƙwabta amanar shanya ta hau mota. Ta tarar da Inna zaune bakin ɗaki ta miƙe ƙafa, an shafe gwiwar da man shanu.

"Salamu alaikum. Inna, ina kwana?"

"Lahiya lau. Kun zo lahiya? Ya mutanen gida?"

"Lahiya lau suke. Ya ƙarhin jiki?"

"Wa yac ce maki wani abu ya same ni?" Inna ta faɗa tana kallon garu.

Lailatu ta shiga madafa. Itacen duk ya sha ruwa, in ka matsa shi sai ka ji kamar rake. Ga kwalin ashana nan, amma ashana ba ta kama jiƙaƙƙen ice, kananzir kuwa ya fi ƙarfin talaka. Ta ga inda Inna ta gwada hura wuta da leda, baƙar dalalar ta daskare bisa duwatsun murhu. Ta san abin da hayaƙin leda ke yi wa ƙirjin tsohuwar. Shi ya sa kullum safiya Inna ke ɗaukar tsingaro ta ratsa lungu mai taɓo zuwa gidan Surayya mai koko, wadda wutarta ke riga ta kowa kamawa.

Tana cikin wannan sai ga Surayyar da kanta, mace mai jiki da yawan fara'a, da kwanon koko a hannu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da yara da ruwa da gajiya. Surayya ta shiga ba da labarin faɗuwar, har da kwatance, yadda Inna ta yi zaman dirshan cikin taɓo tana riƙe da tsingaro sama kamar kada shi ya ji ciwo. Inna na dariya har da tari. Lailatu ita ma ta yaƙe haƙora, amma kunya ce ta rufe ta. Uwarta, wadda a Damaga murhunta ake zuwa ɗiba, yau ita ce ke yawo gidan mutane da tsingaro, har ta zama abin ba da labari. A cikin mota tana komawa ta yi ta saƙa abin da Bakura ke cewa: tana da 'ya a Mafara, 'yar na da miji, amma ko wuta ba su iya ba ta.

Buntun shinkafa dai a gidan Lailatu ba a rasa shi, tsibi guda ne bayan ɗaki, har rasa inda za ta kai shi take. Ta san yana cin wuta, matsalarsa ba ya kamawa da sauri kuma ba ya zama wuri ɗaya. Sai ta fara gwaji, a ɗan tsakanin da ke akwai bayan ta sauke tukunya kafin ta ɗora wata. Ta kwaɓa shi da diddigar man gyaɗa, ya watse, ya cika gida da hayaƙi. Ta haɗa shi da ƙaro, ya daskare gam kamar tsakuwa ya ƙi ko kallon ashana. Ta gwada da busasshen kashin shanu, ya yi ta turnuƙewa ba harshen wuta. Ishaq ya dawo daga gonar Bakolori ya tarar da ita durƙushe tana hurawa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Wagga sabuwar sana'a ta?" ya tambaya. "Ko turaren korar mai gida na?"

"In ba ka da abin cewa ka wuce ka ci tuwonka."

Ya wuce ya ci tuwonsa, don mutum ne mai son zaman lafiya.

Debora ce ta warware mata, matar wani ma'aikacin gona da ke haya a gidan da ke jikin nasu. Hayaƙin ne ya kai ta leƙowa ta kan katanga. Da ta ji bayani ta ce a garinsu da kakin zuma tsofaffi ke yin irin wannan, amma kyandir ma zai yi. Ranar Lahadi da ta taso daga coci ta shigo da leda cike da guntayen kyandir, waɗanda suka ƙone har gindi ba mai sauran amfani da su. Ta gargaɗe ta kada ta ɗora gwangwanin kai tsaye bisa wuta, ta sa shi cikin tukunyar ruwan zafi. Lailatu ta ce to, amma da yake sauri take, ta ɗora shi kai tsaye. Wuta ta yi bal ta lashe mata gashin gira na gefe ɗaya. Daga nan ta koma bin maganar Debora.

Ta farke wani tsohon matashin kai ta ciro audugar rimi. Ta narka kyandir a gwangwanin madara, ta zuba buntu da 'yar auduga, ta juya da tsinke har ya haɗe. Kafin ya huce take gutsura ta mulmula a tafin hannu kamar mai yin ƙuli-ƙuli, ta cusa ɗan tsumma a tsakiya ta bar bakinsa waje. Zafin ya tsattsage mata yatsu, dama ruwan shinkafa ya riga ya cinye su. Da ta jera su a faifai suka sha iska, ta ɗauki ɗaya ta sa ƙarƙashin icen da ta tsoma a ruwa da gangan, ta ƙyasta ashana. Tsumman ya kama, curin ya kama, ya tsaya yana ci a hankali ba gaggawa, icen na ta tsiyayar ruwa yana kuka har ya haƙura ya kama. Lailatu ta zauna a ƙasa ta zuba wa wutar ido. Ta yi murna, irin murnar wanda ba shi da ƙarfin nuna ta.

Ishaq da ke tsokana shi ya fara sata. Ya kwashi 'yan kaɗan ya tafi da su bukkar gona inda suke kwana gadin injin ban ruwa, ya dawo yana cewa abokansa na tambaya, wai ko cikin yayyafi sun dafa shayi. Ta ce su jira, ba don su ta yi ba.

Ta cika wata tsohuwar robar fenti mai murfi ta kai Bakura. Gwiwar Inna ta saɓe, har ta koma fita. Lailatu ta durƙusa gaban murhu ta nuna mata: ga yadda za a ajiye, ga inda za a ƙyasta, ga yadda za a jingina ice. Wuta ta kama. Inna ta ɗauki curi ɗaya ta jujjuya, ta shinshina.

"Ke kinka yi wanga?"

"Ni na yi. Daga yau ba sai kin hita ba. Ko ruwa na zuba, kina zaune za ki hura wutarki."

Inna ta daɗe tana kallon curin. "Allah shi yi albarka," ta ce, ta mayar da shi cikin roba ta rufe.

Da Lailatu za ta tafi sai ta bi ta gidan Surayya. Ta tarar da mata cike a tsakar gida, masu sayen koko da masu zaman hira, ga 'yar Surayya da tsohon ciki ta zo goyon ciki tana tankaɗe. Lailatu ta yi godiya yadda ya kamata, ta ajiye musu kwanon shinkafa. Sannan abin da ya daɗe yana cin ta ya fito, da murya mai ɗan ƙarfi don kowa ya ji.

"Allah shi saka da alheri, Surayya. Yanzu dai kun huta. Na yi ma Inna abin hura wuta, ba ta ƙara zuwa ta dame ku da roƙo."

Ludayin Surayya ya tsaya cikin tukunya. "Roƙo?" ta ce. "Wuta a ka roƙo?" Ta dubi matan, ta dubi Lailatu. "To, madalla. Allah shi kiyaye hanya."

Wuta ba a roƙonta, ɗibarta ake yi, kuma mai zuwa ɗiba ba ya tsayawa ga garwashi. Zai ji wa ya kwana da zazzaɓi, wa ya yi baƙo, a ba shi kujera, a miƙa masa ludayin koko. Lailatu ta san wannan sarai, a Damaga aka haife ta. Amma mutumin da ya gaji kuma ya ji kunya ba ya ganin komai sai abin da zai sauke masa nauyi. Ta hau mota ranta wasai, har barci ya ɗauke ta kafin su kai babban titi.

Daga nan aiki ya rufe ta. Wani ɗan kasuwa ya kawo mata buhunan shinkafa yana so kafin Talata, ta gama nasa wani ya kawo, ruwa kuma ya ƙi tsagaitawa. Hanyar ma ba kullum take da daɗi ba, wata rana a ce an ga mutane a bakin daji, motoci su ƙi fita. Sai ta riƙa aikawa ta hannun direban nan: gero, ɗan mai, daddawa, da ƙullin curin wuta. Ya kan dawo ya ce ya ajiye a zaure, ya yi sallama an amsa daga ciki. Lailatu ta ce alhamdu lillahi. Kullum tana cewa mako mai zuwa za ta je, makon na zuwa da nasa buhunan. Ba ta manta da uwarta ba, ko kusa. Duk curin da ta mulmula da ita a ranta ta mulmula shi, kuma a ganinta hakan ma zuwa ne.

Sai da gero ya fara fitar da kai sannan ta samu kanta. Ta sauka Bakura bayan azahar, da niyyar juyawa kafin motoci su daina tashi. A bakin lungu ta ga Surayya na shanya tsummokaran jariri bisa igiya. Suka gaisa, gaisuwar ta cika ba abin da aka rage, amma ba gishiri.

"Ashe an sauka?" in ji Lailatu. "Barka. Mi anka samu?"

"Namiji. Har an yi suna."

"Allah shi raya. Ya Inna? Kuna ganin ta?"

Surayya ta matse wani tsumma ta yarfa. "Muna ganin hayaƙinta. Kullum sahe yana tashi bisa garu, mu ce to, Inna lahiya take. Jego ya sha min kai, ga koko. Kuma tun da anka ce an hutar da mu, ban so in yi shisshigi."

Lailatu ta wuce da sauri.

Lungun ya yi ciyawa har bakin zaure. A ciki komai tsaf, an share iya inda hannu ke kaiwa, tukunya na bisa murhu, wuta na ci gwanin kyau. Inna na zaune dab da murhun, ta jawo tabarmarta da butarta da robar fentin duk kusa da ita. Ba ta rame sosai ba. Lailatu ta yi sallama. Bakin Inna ya motsa, ba abin da ya fito. Ta yi gyaran murya, ta sake gwadawa, sannan amsar ta fito a dishe, kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba.

"Inna, mura kike?"

Tsohuwar ta girgiza kai.

"To mi ya samu muryarki? Yaushe rabonki da magana da mutum?"

Inna ta yi lissafi da yatsu. "In ba amsa sallamar mai mota ba," ta ce a hankali, "tun ranar da kinka kawo abin ga."

Ta yunƙura za ta ba baƙuwa tabarma, ƙafafun suka ƙi. Ta dafa ƙasa ta ja jiki da mazaunai, abin da Lailatu ba ta taɓa ganin ta yi ba. Ƙafar da ta faɗi cikin taɓo ta tashi, zama ya gama da ita.

"Don Allah Inna, mi ya hana ki leƙa gidan Surayya? Ga shi har haihuwa an yi."

"Na ji," in ji Inna. "Ta bisa garun ga ni ji komi. Daren haihuwar na ji, guɗar suna na ji. Jinjirin nan in ana mashi wanka kukan da shika yi, na san ruwan ya yi mashi zahi, hannuna har ƙaiƙayi shika yi." Ta tsaya ta huta, maganar na ba ta wahala. "Da mi zan shiga? Ni baƙuwa ta. Da can ina da abin cewa bakin ƙohwa."

"Sai ki ɗauki tsingaron ki tahi, wa zai hana ki?"

Inna ta juya fuska wajen garu, yadda ta saba. "Kin riga kin hwaɗa gaban mutane. In na tahi, na ƙaryata ki."

Lailatu ta tuna yatsunta da suka tsage, da girar da ta ƙone, da murnar da ta yi gaban jiƙaƙƙen ice. Ba wanda ya cuce ta, ba wanda za ta ɗora wa laifi. Abin da take tsoro tun ranar da suka baro Damaga, ita ta zauna ta mulmula shi da hannunta, ta cika roba ta kawo. Ta yi tunanin zuwa ta ba Surayya haƙuri, kuma za ta je, ta san Surayya ba mai riƙo ba ce. Amma haƙuri ba zai miƙar da ƙafafun nan su ratsa lungu ba.

Aka yi kiran la'asar. Daga bakin titi ana jiyo kwandasta na kiran Mafara, Mafara, saura kaɗan a tashi. Ga shinkafar mutane ta jiƙa a gida tana jiran wuta da asuba, in ta wuce lokaci tsami za ta yi. Lailatu ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce bari ta je ta dawo jibi, wannan karon da gaske. Ta ɗaga ƙafa sai ta ji an riƙe ta. Inna ce ta kama gefen zanenta da yatsu biyu. Tun da Lailatu ta yi wayo uwarta ba ta taɓa riƙe ta ba.

"Na san kin gaji," Inna ta ce, har yanzu garu take kallo. "Zamna kaɗan ki yi min magana. Ko wace iri ta."

Lailatu ta zauna. Ta buɗe baki, ta rasa ta inda za ta fara. Shekarunta arba'in da wani abu, ba ta taɓa hira da matar nan ba. Gaisuwa suka sani, da aike, da to. Ta laluba cikin kanta ta rasa labarin da 'yar fari ke ba uwarta. Can bakin titi mota ta yi ƙaho ta tashi.

"Buntun," ta ce daga ƙarshe, "sai an bushe shi ƙwarai kahin a zuba. In da sauran danshi ba shi kamawa."

"Uhm," in ji Inna.

"Kyandir ɗin kuma ba a ɗora shi bisa wuta kai tsaye. Ni na ɗora, shi ya cinye min gira."

"Uhm. Sai kuma mi?"

Inna ta jingina kanta da garu ta rufe ido, ba ta saki zanen ba. Lailatu ta share fuska da bakin mayafi ta ci gaba, daga audugar rimi zuwa tsumma, daga tsumma zuwa yadda ake mulmulawa. Da ta kai ƙarshe ta ga yatsun ba su saki ba, sai ta koma ta faro daga buntu.